Agogo da Ƙwan Kififiya

Shekara ashirin da shida ta yi tana juya ƙwai a ɗakin ƙyanƙyasa na wani kamfanin kaji, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta ɗaga kai ta dubi bango don ta san lokaci. Jikinta ke gaya mata. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba mata Agogo, sunan ya bi ta har gida, har ya danne na yanka. Ɗakin dogo ne, babu taga, zafinsa ɗaya rani da damina, ga warin ɓawo da gashin 'yan tsaki da ke bin mutum har kan shimfiɗarsa. Kowane ƙwai sai ta yi masa gicciye da fensir a gefe ɗaya, zagaye a ɗaya gefen, sannan sau biyar a yini ta bi tire bayan tire tana juyawa. In ba a juya ƙwai ba, ɗan da ke ciki ya manne wa ɓawo ya mutu. Wannan ne karatun farko da aka koya mata, shi ne kuma take cusa wa duk sabon da aka kawo ƙarƙashinta, yawanci da tsawa.

Hannunta dai mai taushi ne, bakin ne sai a hankali. Ba ta taɓa sakin ƙwai ya fashe ba, amma mutanen da ta sa kuka a ɗakin nan Allah kaɗai ya san yawansu. Ranar da aka kawo sabbin injuna masu karkata tire da kansu, manaja ya tara ma'aikata ya zuba jawabi mai zaƙi, aka tafa, aka miƙa mata kyautar sallama cikin kwali. Ta buɗe a gaban kowa. Agogon bango ne. Wanda ya zaɓi kyautar nan ko dai wawa ne ko mugu, kuma ita ba ta tsaya tantancewa ba. Ta dangwarar masa da kwalin a kan tebur ta ce, "Riƙe abinka, kai ne ba ka san lokaci ba." Ta ɗauki tocilarta ta haska ƙwai da ma'aunin zafinta, ta fita ko ban kwana babu.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa a wasu garuruwa, suna gaishe ta a waya daga inda harshenta ba ya kai musu sosai. Wanda ya rage kusa shi ne ƙanenta, Auta. Auta ya ba hamsin baya, gemu duk furfura, sana'arsa loda yashi a tifa da shebur a bakin kogi, amma a wurin Agogo har yanzu bai gama yaye ba. Tana da shekara goma sha uku, shi yana rarrafe, uwarsu ta ce za ta je kasuwa, kuma har yau ba ta dawo daga kasuwar ba. Agogo ce ta goya shi, ta tauna masa abinci, ta dake shi, ta daki wanda ya dake shi. Sakamakon wannan reno shi ne mutumin bai taɓa ƙarasa magana a gabanta ba. Zai ce, "Yaya, ai..." ta ce, "Ai me?" ya ce, "Ba komai."

Tun da ta bar aiki ita ke kai masa abinci bakin kogi, wai ba don tausayi ba, don kada yunwa ta kashe shi a ce da yayarsa a gari. Wata la'asar, lokacin da ruwa ya ja baya tudun yashi ya fito fili, ta iso da kwano ta tarar babu tifa ko ɗaya, leburori duk sun watse. Auta kaɗai ta hango kwance rub da ciki a bayan tarin yashi kamar ɓarawon kaji. Ta buɗe baki za ta fara, ya ɗora yatsa a leɓe, ya janyo hannunta ƙasa. Mamaki ne ya rufe mata baki, ba biyayya ba. Ta durƙusa kusa da shi ta bi inda idonsa yake.

Kififiya ce, kunkurun ruwan nan mai shimfiɗaɗɗen baya, faɗinta ya kai babban faranti. Bayan ba ƙoƙo ne mai tauri ba, ya fi kama da jiƙaƙƙiyar fata, kuma a gefe ɗaya akwai tsohon tabo inda farfelar jirgin ruwa ta taɓa sare ta. Rabin jikinta na cikin ruwa, ta miƙe dogon wuya da siririn hancinta, ta yi tsit tana sauraro.

"Shekara goma sha takwas ke nan, Yaya," Auta ya raɗa mata. "Duk shekara nan take zuwa."

Sai da ƙafar Agogo ta yi sanyi kafin dabbar ta yarda ta hau tudu. Ta ja jiki ta tsaya, ta dafa hanci a yashi, ta ɗan tona, ta fasa. Ta matsa gaba ta sake gwadawa, nan ma bai yi mata ba. Wuri na uku ta zaɓa, can sama inda ruwa ba ya kaiwa kuma inuwar komai ba ta faɗawa. Ta kafe ƙafafun gaba, ta shiga haƙa da na baya, dama ta ɗebo ta watsar, hagu ta ɗebo ta watsar. Da yashin ya fara zubowa cikin ramin sai ta saki ruwa daga jikinta ta jiƙa shi, bangon ya tsaya. Ko sau ɗaya ba ta waiwaya ta ga abin da take yi ba, amma ramin ya fito da ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu. Agogo, da ba ta yabon aikin kowa, ta ji kanta yana gyaɗawa, ta yi maza ta tsayar da shi.

Sai kififiyar ta yi shiru. Ta ja wuya ciki, ta yunƙura, ƙwai ya faɗa, fari, kewayayye kamar ƙwallon tebur. Ƙafar baya ta bi shi cikin ramin ta gyara masa zama. Ta sake jan wuya, wani ya faɗa. Leɓen Agogo na motsi, don ba ta iya ganin ƙwai ba ta ƙirga ba: ashirin da bakwai. Da ta gama ta mayar da yashin, ta daddanne da ciki, ta share wurin da ƙafa har ba ka gane an taɓa shi. Ta matsa gefe ta birkita wani wurin banza don ta yaudari guza da karnuka. Daga nan ta juya da wani irin gudu da ba ka zata daga gare ta ba, ta faɗa ruwa, ruwan ya rufe.

Agogo ta ɗan jira. "To, yaushe za ta dawo?"

"Ba ta dawowa, Yaya."

"Kwanci fa?"

"Rana ce ke yi mata kwanci."

"Juyi fa?"

"Babu juyi."

Ta miƙe tsaye, ta dumbuzi yashi ta watsa wa kogin. "Uwar banza! Ki zubar da 'ya'ya ashirin da bakwai a rami ki kaɗa gindi ki tafi, ko waiwaye? Kaza da ake raina wa hankali ta fi ki mutunci! Allah wadaran haihuwa irin taki!" Ta yi ta zazzaga wa ruwa masifa har muryarta ta dushe. Auta ya san da wadda take, ya sunkuyar da kai yana cin abincinsa. Sai da ta huce ya gaya mata dalilin da ya sa leburori suka watse: ɗan kwangila ya sallame su, gobe katafila za ta zo ta kwashe tudun gaba ɗaya. Wannan kuwa shi ne tudun yashi na ƙarshe a wannan yanki na kogin, sauran duk an cinye su. Ya ce zai roƙi mutumin ya bar masa kusurwar nan, taku uku kacal.

"Roƙo? Kai?" ta ce. "Bakin naka da ba ya kai magana ƙarshe? Ka jira ni da safe."

Da safe katafila ta iso tana huci, ɗan kwangila ya fito daga mota da farar riga da baƙin tabarau, waya manne a kunne. Auta ya cire hula ya matsa ya yi bayaninsa, mutumin yana saurare da rabin kunne. Da ya gane maganar ƙwan kunkuru ake yi sai ya tuntsire da dariya, ya ce su tono su soya mana, shi ba zai karɓi ko sisi ba. Ya ɗaga wa direba hannu. Kafin cokalin katafilar ya sauko, Agogo ta riga ta je ta zauna daram a kan yashin, ta miƙe ƙafa.

"Mama, ki matsa, aiki za mu yi."

"Ban haife ka ba. Da ni na haife ka da ka fi haka hankali."

"Ina da takarda, Mama."

"Takardar ta ce ka kwashe har da rayukan da ke cikin yashin? Karanta mini wurin, in ka iya karatu. Kun kori masu shebur, kun cinye kogi, yanzu taku uku ya tsone maka ido? To bismillah, ka haɗa da ni ka kai wa mai ginin, ya zuba ni a harsashi!"

Ta yi masa wankin babban bargo, ta dawo kan direban, ta koma kan tabarau ɗin. Mutane suka fara taruwa, abin da ɗan kwangila ba ya so ke nan. Ya duba waya ya ce ya ba su minti goma sha biyar, bayan haka ko uwar wa ke zaune a wurin ba ruwansa. Auta ya durƙusa ya tona da yatsu. Duk ƙwan da ya bayyana sai ya ɗiga masa gawayi a sama tun yana kwance, sannan ya ɗago shi a yadda yake, ya zaunar da shi cikin bahon da ya cika da yashin ramin. Agogo ta soka ma'aunin zafinta cikin ramin ta duba, ta ga bai kai zafin da kaza ke so ba, ta riƙe lambar a ka. Kafin azahar babu tudu, sai wani ƙaton rami da ruwa ke tsattsafowa a ciki.

Ɗakin da Auta ke haya kwano ne zalla, da rana ko ƙarfe ka ajiye sai ya yi laushi, don haka sitonta aka kai bahon. Ta kwashe buhunan dusa da tsofaffin kujeru, ta share, ta rufe tagar da kwali. Auta ya ajiye bahon a hankali, ya tsaya yana murza hula.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙon ki. Kada ki juya su."

"Ka ce me?"

"Inda na sa gawayin nan, nan ne sama. Haka za su zauna har su fashe. In aka juya, ɗan ya mutu."

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani. Wanda guza ya tono ya mirgina, ko bai fasa shi ba, in ya kwana biyu a rami kafin nan, ba ya fita. Na sha mayar da su in rufe, ba ɗaya da ya taɓa..."

"Guza ne malaminka ke nan. Kai, Auta! Ƙwan da ya bi ta hannun nan ya fi yashin da ka loda yawa. Ni za ka koya wa ƙwai? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

A nan ya saba cewa ba komai. Yau bai ce ba. Ya ce, "Yaya, na haɗa ki da Allah."

Ta ce, "Na ji," don ya tafi ya ba ta wuri. Ya tafi kuwa, can gaba da kogi inda har yanzu ake neman masu shebur, da alkawarin zai riƙa leƙowa duk mako biyu.

A ba ta haƙƙinta, ta yi kwana huɗu tana daurewa. Tana yayyafa ruwa don yashin kada ya bushe, tana auna zafi, tana buɗe ƙofa in ya yi yawa. Amma sabo turken wawa. Sau biyar a yini sai ta tsinci kanta a bakin siton, hannu na ƙaiƙayi, ta yi tsaki ta koma. Rana ta biyar ta ga wani farin tabo kamar alli ya fito a saman kowane ƙwai, daidai ƙarƙashin gawayin. Ta rufe ƙofa ɗakin ya yi duhu, ta ɗora tocila a gefen ɗaya. Ga ɗan ɗigo can sama, liƙe da ɓawo.

"Ya manne!" ta ce da ƙarfi. "Ban faɗa ba? Ya manne!"

A sana'arta wannan mutuwa ce, ta gan ta sau dubu. Abin da ba ta sani ba shi ne ɗan kififiya da gangan yake kama saman ɓawo, ta nan yake shan iska, kuma in aka kifa shi gwaiduwa ce ke danne shi. Rashin sanin ba shi ne abin haushi ba, kowa da iyakar saninsa. Abin haushin shi ne an gaya mata. Mutum ya tsaya a gabanta da furfurarsa, ya faɗa mata a fili, ya haɗa ta da Allah, ta yi kunnen uwar shegu don kawai ita ta goya shi. Ta kawo fensir ta zauna. Ashirin ta yi wa zagaye a ƙasa ta juya su ɗaya bayan ɗaya, cikin lallashi, tana ce musu sannunku, uwarku ta yar da ku amma kun faɗo hannu nagari. Bakwai kuma ta ɗebe yadda suke, ta zaunar a wani tsohon daro da yashi, ta tura kusurwa. Waɗannan na Auta ne. Bari su ruɓe a yadda ya ce, ya zo ya gani da idonsa, tun da gani ya kori ji.

Daga ranar rayuwarta ta dawo daidai. Tana tashi da abin yi, tana tafiya da sauri, har waƙa aka ji tana yi a tsakar gida, maƙwabta suka leƙo su ga ko lafiya. Ranar da Auta zai zo sai ta riga shi, ta mayar da kowane gawayi sama. Ya shigo ya tsuguna, hannu a baya don kada ma ya taɓa, ya tambayi dalilin raba su. Ta ce bahon ya yi musu kaɗan. Ya ce, "Sannu, Yaya. Allah ya saka da alheri. Ban san yadda zan yi ba da babu ke." Ta ce ya daina surutu ya je ya wanke ƙafa. Ko gezau ba ta yi ba, don a ranta tana tanadin ranar da za ta ce masa ga naka ga nawa.

Mako na biyar ta rufe ƙofar siton da hantsi don ta haska su sosai. Na farko, babu jijiya ko ɗaya, sai wani jan zobe da ya kewaye cikin ƙwan. Ta san zoben nan. Jinin ɗan da ya fara rayuwa ya mutu ne ke taruwa haka, ta sha jefa irinsa a bokitin shara ba tare da ta sake kallo ba. Ta ɗauki na biyu. Zobe. Na uku ya yi duhu ya dagule. Ta bi ashirin ɗin nan kaf, wasu har sau biyu, tana goge gilashin tocilar da bakin zane kamar laifinsa ne. Sannan ta ja gwiwa zuwa kusurwa, inda daron Auta yake da ƙura a bakinsa. Ba ta ɗaga ƙwan ba, haskawa ta yi daga gefe. Jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwa, kuma wani abu a ciki ya motsa, ya kauce wa hasken. Duk bakwan haka suke. Ta kashe tocilar ta zauna a ƙasa, ta daɗe ba ta tashi ba.

Mai hali ba ya fasa halinsa, don haka ba kuka ta yi ba, faɗa ta shiga yi. A makon nan ta yi da mai kawo ruwa, ta yi da maƙwabciya a kan igiyar shanya, ta jefi zakaranta da takalmi don ya yi cara. Ta ce girgizar katafila ce ta kashe su tun a rami. Ta ce uwar ce tsohuwa, ƙwanta ba ƙarfi. Har bakin kogi ta je neman ɗan kwangila, ba ta same shi ba, ta zagi ramin da ya bari ta dawo. Amma duk inda ta kai laifin sai ya biyo ta gida, saboda katafila ɗaya ce ta girgiza ashirin da bakwai ɗin, uwa ɗaya ce kuma ta haife su. Ta daina juyawa, ihu bayan hari. Ashirin ɗin suka yi rawaya, suka lotsa, wari ya fara fita ta ƙarƙashin ƙofa, ta kasa zubar da su.

Aikin Auta ya ƙara nisa, wata guda bai zo ba, wannan ya ba ta lokacin shirya magana. Za ta ce baragurbi ne, tun asali babu komai a ciki. Ana samun haka ko a kaji. Wa zai musa mata? Ita ce Agogo. Ta maimaita maganar a gaban murhu har ta zauna mata a baki.

Kwana sittin da takwas da ɗauko su, tana shara ta ji ƙaramin ƙarce daga kusurwa. Ɓawo ya tsage, wani ɗan hanci ya leƙo. Ta tsuguna, wannan karon hannuwanta a cinya. Ba su yi gaggawa ba, wani ya yini da kai a waje jiki a ciki, amma cikin kwana biyu duk bakwan sun fito, kowanne bai fi murfin kwalba ba, da ɗan dogon wuyansa irin na uwar. Ta zuba musu ruwa kaɗan a wani daron, ta kira Auta a waya ta ce ya zo, ta kashe kafin ya yi tambaya.

Ya iso da rana tsaka, ƙura har gira. Da ya ga abin da ke iyo a daron sai ya zube a gwiwa yana wata dariya da ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba, yana ƙirga su yana sake ƙirgawa. Sai warin ya kai masa. Ya juya ga bahon, ya daɗe yana kallo, ya ɗauki ɗaya ya mayar. Agogo ta gyara murya, maganarta na kan harshe. Ya riga ta.

"Ni ne, Yaya."

"Kai ne me?"

"Ranar da muka ɗauko su. Wajen kwalbati, da tifa ta wuce, na yi tuntuɓe, bahon ya karkata. Ke kina gaba ba ki gani ba. Wata biyu abin na cina, na ji tsoron gaya miki." Ya dubi tafin hannunsa, ya buga shi a cinya. "Hannun shebur! Me ya kai ni ɗaukar ƙwai? Shekara goma sha takwas ina gadinta, na ƙarshen ne zan kashe mata. Ke kin yi wahalarki a banza, ni na ɓata tun a hanya."

Hawaye na bin furfurar gemunsa. Ashe ƙaryar ma ba a buƙatar ta. Shiru kawai za ta yi, ya ɗauki kayan ya ɗora a kansa ya tafi da shi har kabari, yana yi mata godiya. Wannan ne ya tunzura ta fiye da manaja, fiye da ɗan kwangila, fiye da komai da ya taɓa tunzura ta.

"Rufe mini baki!" ta daka masa tsawa. "Wa ya ce maka kai ne? Komai sai ka ce kai ne! Tuntuɓen banza ne zai kashe ashirin ya bar bakwai? Ni ce! Ni na juya su! Sau biyar a yini, wata guda cur. Duba ƙasansu ka ga fensirina. Bakwan nan da kake wa dariya, su ne na watsar a kusurwa don su ruɓe in kunyata ka!"

Auta ya sa hannu ya kifa ƙwai ɗaya. Ga zagayen fensir, tsaf, irin na gwanaye. Ya kifa na biyu. Ya share fuska da hula, ya miƙe tsaye, kuma sai a ranar ta lura ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba.

"Na roƙe ki, Yaya."

"Ka roƙe ni."

"Na haɗa ki da Allah."

"Ka haɗa ni."

"Da nake zuwa ina miki godiya fa?"

"Ina mayar da gawayin sama kafin ka shigo."

Wannan karon bai tsaya a tsakiya ba, ya kai maganar har ƙarshe. "Ɗan kwangila bai san su ba. Bai taɓa ganin su ba, yashi kawai ya gani. Ke kina wurin aka haife su. Ke kika ƙirga su."

Ya sunkuya ya ɗauki daron 'ya'yan da hannu biyu. Ya ce zai kai su can gaba inda yashi ya rage, tafiyar awa biyu ce a mota. Ta zari mayafinta daga ƙusa za ta bi shi. Da ya ɗaga daron ruwan ya kaɗa, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya kife, farin cikinsa a sama, ƙafafu na harbin iska. Kafin ta yi tunani hannunta ya riga ya kai bakin daron.

"Yaya, cire hannunki."

Bai ɗaga murya ba. Ta cire. Ɗan kififiyar ya miƙe wuya, ya dafa hanci a gindin daron, ya yunƙura sau biyu, ya birkice da kansa ya ci gaba da iyo. Auta ya bi ta gefenta ya fita, bai ce ta zo ba, bai ce sai an jima ba. Ta tsaya a bakin siton da mayafi a hannu har ƙarar takalminsa ta ɓace a lungu. Sannan ta mayar da mayafin kan ƙusa, ta je bayan ɗaki ta ɗauko fartanya, don ashirin ɗin ba wanda zai binne mata su.